Kwalbar da ke Ƙarƙashin Gadon Iliyasu

Daga asibiti, Zariya
Talata, watan Disamba, 1962

Zuwa ga Yaya Sada, a Gazara.

Gaisuwa mai yawa daga ni Ɗan'azumi, Sarkin Kwalba na ƙasar Zazzau, Babban Likitan Gazara da kewaye, zuwa ga mutanen garinmu kaf, maza da mata, masu haƙora da waɗanda suka zubar, har da na Makarfi da na Kudan da na Ikara in suna ji, har da akuyar Inna mai cin zanen mutane. Kowa ya gyara zama, babba zai yi magana.

Bayan haka, Yaya, ina kwananku, ina gajiyarku? Yaya Inna Hajo da ciwon gwiwarta? Yaya Ummuhani, ta dai daina kukan? Ka yi haƙuri da rubutun nan. Ka san wata uku na yi a ajin yaƙi da jahilci, kai ka samu takarda, ni na samu sifili. In ka ga wani baƙi ya kwanta, ka tashe shi da kanka.

Abin da kuke jira ku ji shi ne, ƙanenmu Iliyasu na da rai. Ka faɗa wa Inna da matarsa Ummuhani haka kafin ka karanta sauran.

Tun da kuka ɗora mu a motar Lawal direba a bakin titin Makarfi, wallahi ban zaci za mu kai ba. Duk ramin da mota ta faɗa sai ya damƙe hannuna, leɓensa ya koma kalar toka. Ni kuwa ina ta zuba mashi labarin banza don kar ya yi shiru. Da muka iso aka ɗauki hoton ƙirjinsa, irin hoton da ke nuna ƙashi ba fuska ba. Likitan, wani siririn Ba'indiye mai tabarau, ya ƙirga haƙarƙari huɗu a karye, daidai inda gungumen injin rake ya buge shi. Ya ce ɗaya ya soki huhun dama, iska na fita daga huhun tana taruwa a ƙirji tana danne shi.

Na ce yo ina laifin iska a ƙirji, ba ita muke nema ba? Sai nas ɗin ɗakin, Malam Musa, mutumin Saulawa ne, ya zaunar da ni ya yi mini bayani da ƙahon wanzami. Ya ce ka ga yadda ƙaho ke kama fata in wanzami ya tsotse iskar ciki? To haka ƙirji ke riƙe huhu, da tsotso, shi ya sa yake buɗe. In iska ta shiga tsakani, ƙaho ya faɗi, huhu ya yamutse.

Kuma wai tsotson nan auna shi suke yi, Yaya, kamar gero a mudu. Suka kawo wani allon katako da lanƙwasasshen gilashi a jikinsa, jan ruwa a ciki, lambobi sama da ƙasa, sifili a tsakiya. Likita ya soka allura tsakanin haƙarƙari ya haɗa ta da gilashin. Malam Musa ya ce a jikin mai lafiya ruwan ƙasa da sifili yake tsayawa, alamar ƙirji na tsotso. Na Iliyasu, da idona na gani, ya haye sama har sha biyu. Wato iskar tura huhun take yi.

Nan take suka huda gefen ƙirjinsa suka zura roba mai kaurin ɗan yatsana, ɗaya bakin ya tafi cikin wata ƙatuwar kwalba mai ruwa a ƙarƙashin gado. Iska ta yi ta fita ɓul-ɓul-ɓul kamar an nutsa tulu a rafi. Kafin in gama salati leɓensa ya fara dawowa.

Yanzu ga inda sarautata ta samo asali. A cikin kwalbar akwai wani siririn gilashi da bakinsa ya nutse a ruwa. In ya ja numfashi ruwa ya hau, in ya saki ya sauka. Marasa lafiya talatin ne a ɗakin, nas biyu kacal, sai Malam Musa ya naɗa ni mai gadin kwalba. Ya manna mata filasta ya ba ni fensir in riƙa sa alama inda ruwan ya kai. Doka biyu ya ba ni: kar a buɗe ta, kar a ɗaga ta daga ƙasa. Ban tambayi dalili ba, ka san babban mutum ba ya yawan tambaya. Ka gaya wa wanzamin garinmu ya fara neman wata sana'a, in na dawo ba shi da kasuwa.

Iliyasu bai cika magana ba, zafi take mashi. Abin da ya tambaya kawai, wai an dafa ruwan raken ranar ko an bar shi ya yi tsami. Ka ji mutum. Riba ɗaya da na ci, kunnena ya huta da sarewar nan tasa da ya dame mu da ita kullum da yamma kamar kukan ɗan akuya.

Maganar dokin da ke juya injin kuwa, kar a doke shi, kar a sayar da shi. Dabba ce, firgita ya yi.

Ka ba Lawal direba mazarƙwaila curi huɗu, biyu na Malam Musa ne, da goro, da bargona. Na san Inna ta riga ta tafi Kudan wurin Malam Ashafa karɓo rubutu, shi ma a haɗo.

Naka, Mai Girma Sarkin Kwalba,
Ɗan'azumi


Juma'a

Yaya Sada,

A gaida jama'a baki ɗaya, a ce masu sarki na nan lafiya a kan karagarsa, wato tabarmar da ke gefen gado. Ina fata kuna lafiya. Kaya sun iso, sai dai curi uku na gani. Ka tambayi Lawal, na ga gemunsa na danƙo.

Yau kwana biyar ina kallon kwalbar nan. Yaya, ban taɓa sanin numfashi abin kallo ba ne. Shekara talatin da ɗoriya ina ja ina saki, ina ɓarnatar da shi a surutun zaure, ban taɓa ƙirga ko ɗaya ba. Yanzu ga na ƙanena a gabana cikin gilashi, hau, sauka, hau, sauka. In ya yi barci ruwan na tafiya a hankali. In ya tuna wani abu sai in ga ya yi tsalle. Jiya na ambaci Ummuhani don in gwada, ruwan ya haye har ya wuce alamata. Na ce mashi asirinka ya tonu, malam, kwalba ba ta ɓoye soyayya. Ya yi dariya, dariyar ta sa shi hawaye don zafi, sai na yi shiru. Ni da shiru, ka ji abin mamaki.

Amma gaskiya sauƙin bai kai yadda nake so ba. Kumfa na nan tana fita, wai alamar hujin huhun bai toshe ba. Kullum da hantsi likita na zuwa da allonsa, ya ɗaure robar, ya haɗa, ya duba jan ruwan. Shekaranjiya biyar sama da sifili, jiya huɗu, yau huɗu. Sai ya taɓe baki ya rubuta a takarda. Ba na son taɓe bakin nan nasa.

Rubutun Malam Ashafa ma ya ƙi shiga sosai. Da ya kurɓa sai tari ya taso, in tari ya taso kuwa sai ka ce ana yanka shi. Gora na nan cike, ina kallonta tana kallona, ga Inna ta taka da gwiwar nan tata har Kudan don ita.

To amma kar ku damu. Akwai wata dabara da ta zo mini wadda likitan ma da duk tabaransa bai hango ba. Ba zan faɗa yanzu ba, sai ta yi aiki ku ji a rediyo.

A aiko mini da yaji, abincin nan ba shi da rai.

Naka,
Ɗan'azumi Sarkin Kwalba


Litinin

Yaya,

Wannan kai kaɗai za ka karanta. Kar ka buɗe ta a zaure. Ina gaishe ka, ina fata Inna lafiya.

Iliyasu na da rai, amma yana cikin zazzaɓi mai zafi, kuma ni na jawo.

Ranar Asabar bayan azahar, Malam Musa ya tafi alwala, ɗayan nas ɗin na can ƙarshen ɗaki, Iliyasu na barci. Na ce a raina, ciwo a ƙirji yake, ga roba ta tafi ƙirji kai tsaye, me zai sa rubutu ya bi ta baki ya zagaya ta ciki? Na cire murfin kwalba na tuttula rabin gorar, na mayar na rufe. Ruwan ya yi baƙi. Ba abin da ya faru, na ji daɗi.

Sai idona ya kai kan inda kwalbar take. Ga takalmana a gefe, ga tasar kaki, ga inda kowa ke takawa. Ayoyin Allah a ƙasa, Yaya. Kai ma ka san tun muna yara in allo ya taɓa ƙasa sai Baba ya murɗe mana kunne. Na tuna dokar Malam Musa sarai, ban manta ba. Amma na ce ai da ruwan banza ne a ciki, yanzu kuwa ya zama mai daraja. Na ɗauke ta da hannu biyu da bisimilla na ɗora a kan taga, sama da kansa.

Baƙin ruwan ya biyo roba ya gangara cikin ƙirjinsa. Ina tsaye ina murna, wai magani ya kama hanya.

Ya farka ido waje, baki buɗe, yana ja ba abin da ke shiga. Leɓen nan ya koma toka kamar ranar mota. Tsohon da ke gadon kusa ne ya yi ihu, ni na kasa. Malam Musa ya shigo a guje hannunsa na ɗigar ruwan alwala, ya datse robar da wani ƙarfe mai kama da almakashi, ya sauke kwalbar ƙasa. Bai zage ni ba. Da ma ya zage ni. Tambaya ɗaya ya yi, me ka zuba. Na faɗa. Ya rufe ido.

Likita ya zo da allonsa. Jan ruwan ya haye sha biyar, ya wuce na ranar da muka zo. Aikin kwana shida na rushe kafin a sha ruwa a ajiye moɗa. Suka canja kwalba, suka janye abin da za su iya janyewa, suka fara yi mashi allura bayan allura. Likita ya nuna ni da yatsa ya nuna ƙofa. Wannan ba sai an fassara mini ba.

Yanzu a gindin darbejiyar da ke bayan tagarsa nake wuni. Jiya Malam Musa ya fito ya same ni. Ya ce ruwan kwalbar ƙofa ce, tana barin iska ta fita, ba ta barin ta koma. Ruwa kuma gangare ya sani, shi ya sa ake ajiye ta ƙasa da mutum, ba don raini ba. Ya ce cikin ƙirji wuri ne da ba a sa mashi komai sai abin da aka dafa aka tace. Ya ce ni ma ina shan rubutu, Ɗan'azumi, uwata na aiko mini, amma ta baki. Da ka tambaye ni da na faɗa maka tun ranar farko. Na ce na sani. Tambayar ce na ga ta fi ƙarfin girmana.

Tunda na fara, bari in ƙarasa. Dokin nan ba firgita ya yi ba. Kana can wurin tukwanen dahuwa ba ka gani ba. Masu sayen mazarƙwaila na Kudan sun tsaya kallon inji, na ce masu duk ƙasar Makarfi ba dokin da ke juya inji kamar namu. Ɗaya ya yi dariya ya ce wannan tsohon? Iliyasu na tsugune yana zare raken da ya maƙale, ya ce mini dakata. Na ji shi, Yaya. Na ji, na ɗaga bulala na tsula wa dokin don su gani. Ya zabura, gungume ya zagayo daidai lokacin da Iliyasu ke miƙewa.

Shi ya sa na matsu in zama ni na warkar da shi. Na so in gyara da hannuna kafin kowa ya san hannuna ne ya ɓata. Sau biyu ke nan an ce mini dakata ban dakata ba, kuma duka biyun a ƙirjin mutum ɗaya suka sauka.

Daga nan ina jin tarinsa ta taga. In ya yi tari in ji zafi, in ya daina in ji tsoro.

Yau ba goro nake roƙo ba. Aiko mini da amsa. Kai za ka faɗa wa Inna da Ummuhani ko in zo in faɗa da bakina? In zauna nan ko ka turo wani mai hankali ya canje ni? Abin da ka ce shi zan yi, kuma wannan karon zan jira sai ka ce.

Ƙanenka,
Ɗan'azumi


Alhamis, bayan kwana goma

Yaya Sada,

Gaisuwa ga jama'ar Gazara da Makarfi da Kudan da Ikara, daga tsohon Sarkin Kwalba wanda aka tuɓe, aka kuma mayar da shi a matsayin dogari. Ina kwananku? Yaya gwiwar Inna? A ce wa Ummuhani ta fara share ɗaki.

Takardarka ta same ni a gindin darbejiya, na karanta ta sau huɗu, ba don wuyar baƙaƙen kaɗai ba. Na ji ka karanta wa Inna komai. Na ji ta ce kar in kuskura in tako Gazara sai da ɗanta a gefena, mu biyu ta aika, mu biyu take jira. Na kuma ji saƙon Malam Ashafa, wai niyyata ta zo da wuri, hankalina ne ya makara a hanya. Ka ce mashi na karɓa.

Zazzaɓin ya yi kwana shida kafin ya sake shi. Da ya samu baki, shi da kansa ya roƙi likita a mayar da ni, wai ɗakin ya yi shiru da yawa, ba wanda ke ƙarya. Aka bar ni na shigo da sharaɗin hannuwana su zauna a bayana. Fensir ma Malam Musa ke riƙewa, ni ido ne nawa.

To ka ji abin da ya faru shekaranjiya da hantsi. Kumfa ta ɗauke tun kwana biyu kafin nan. Ruwan gilashin kuma kullum tafiyarsa na raguwa, daga tsawon yatsa ya koma gaɓa ɗaya, ya koma kamar ƙwayar gero. Ina tsugune na zuba mashi ido, sai ya tsaya. Cak. Na ƙirga goma bai motsa ba. Yaya, makonni ina kallon ran ƙanena na hawa da sauka a wurin nan, ga shi ya tsaya. Ban ɗaga kai na dubi gado ba, na kasa. Na jefar da hula na kurma salati, na ce na kashe shi, jama'a na kashe shi. Ɗaki ya ruɗe, har mai karyayyar ƙafa ya tashi zaune.

Sai na ji an ƙwanƙwashe ni da ludayi a tsakar ka. Na ɗaga ido, ga Iliyasu zaune yana shan koko. Ya ce in ka gama makokin miƙo mini sukari.

Malam Musa ya yi dariya har ya dafa bango. Ya ce huhun ne ya buɗe ya cika wurinsa, har ya toshe bakin robar, shi ya sa ruwan ya huta. Abin da suke jira ke nan tun ranar farko. Aka sake hoto, likita ya kawo allonsa ya auna. Jan ruwan ya gangara ya wuce sifili ya tsaya a biyar ta ƙasa. Ƙaho ya kama, Yaya. Ni da na sha kunyar sifili a aji, ban san wata rana zan yi rawa don abu ya kasa kai shi ba. Jiya suka zare robar suka ɗinke wurin.

Da yamma na faɗa mashi maganar doki, baki da baki. Ya bar ni na gama tsaf. Sannan ya ce ai ya ga bulalar lokacin da na ɗaga ta, jira kawai yake ya ga kwana nawa zan yi kafin in faɗa. Wai ya yi mini lissafin shekara. Na ce ka yafe mini? Ya ce ya yafe, amma duk ranar da ya ɗaga hannun dama zai tuna, kuma gara ni ma in riƙa tunawa. Na ce to. Likita ya ce bana ba zai tsuguna gaban inji ba, ba zai ɗauki nauyi ba. Don haka mun shirya: ni zan tsuguna in riƙa zura rake a ƙarƙashin gungume, shi zai riƙe doki da bulala. In na ce dakata, zan ji yadda abin yake.

Saura abu ɗaya. Likita ya ce sai ya yi ta hura iska kullum don huhun ya saba da buɗewa, in ba haka ba zai iya komawa ya yamutse. Suka kawo mashi wata kwalba da roba ya riƙa hurawa, ya ce shi da kwalba har abada. Malam Musa ya tambaya ko akwai abin busa da ya saba da shi. Iliyasu ya juyo ya dube ni.

Don haka, Yaya, don Allah ka aiko da sarewarsa. Tana soke a jinkar ɗakinsa ta saman ƙofa, Ummuhani ta san wurin. A naɗe ta a tsumma, a ce wa Lawal kar ya zauna a kanta, kuma ba ta ci ba ce. Ka aiko ta gobe-goben nan. Na yi alkawarin zan zauna a gabansa baki rufe in saurara har ya gaji, kuma duk busar da ta fito, ko ta yi kama da kukan ɗan akuya, ni na san daga inda ta fito.

Ƙanenka mai jiran motar Lawal,
Ɗan'azumi